Huɗubar Nuala Tansey

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin Yuniyan na garin Drumkeel ya san Nuala Tansey, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Ita ce a kantar karɓar kuɗi ta farko daga bakin ƙofa, gajeriya mai faɗin kafaɗa, wadda ba a taɓa ganin ta babu rigar sanyi ba ko da rana ta fito. Yuniyan ɗin ƙungiyar ajiya da rance ce ta mutanen garin, kowa da ɗan abin da ya tara a ciki, kuma Nuala ta girmi ginin da take zaune a ciki. Tun ana buɗe ta a zauren coci ranar Juma'a, da teburi ɗaya da akwatin ƙarfe, take zuwa ta taya aiki kyauta in ta tashi daga masana'antar ɗinkin riguna. Da masana'antar ta rufe aka ce to ta dawo gaba ɗaya. Tana wannan aikin ta auri Packie, tana yi ta goyi 'ya'ya uku, tana yi ta binne Packie, Litinin na zagayowa ta koma kan kujerarta.

In ka tambaye ta abin da take taƙama da shi a aikin, ba za ta ce maka lissafi ba. Za ta nuna maka wani tsohon gwangwanin biskit da ke gefen kantar, cike da tabarau. Asalinsa wani ne ya manta nasa bai dawo ba. Daga baya in tsoho ya rasu sai iyalinsa su kawo mata nasa, har gwangwanin ya cika ya batse. Duk wanda ya lalubi aljihu ya ce ya baro tabarau a gida, kafin ya rufe baki ta turo masa gwangwanin. «Zaɓi son ranka, har na Fada, limamin coci, akwai.» Tana ganin babu wani ofis a duk yammacin Ireland da ke yi wa mutane irin wannan gata, kuma ta sha faɗa.

Maƙwabcinta na tsallaken hanya Malachy Durkan ne, makiyayin tumaki, dogo marar yawan magana. Shi ya ja gaba wajen haƙa kabarin Packie cikin ruwan sama, kuma tun daga ranar shi ke aske mata shuke-shuken shingen gida ba tare da ta roƙa ba. In ta ce ta gode sai ya ɗaure fuska kamar ta zage shi. Malachy bai cika shiga Yuniyan ba, matarsa Bernie ce ke zuwa. Duk wata takarda ta gidan, ta haraji, ta likita, ta ma'aikatar gona, a jakar Bernie take. Shi dai yakan ce yatsunsa sun yi wa biro kauri, a yi dariya a wuce. Sai Allah ya ɗauki Bernie, kuma ba a daɗe ba guguwar hunturu ta yaye rufin ɗakunan baya na gidansa.

Wata safiya sai ga shi a gaban kantar Nuala, ya cire hula yana murza ta a hannu.

«Iko sai Allah! Yau tumaki sun ba ka hutu?» in ji ta.

«Rance nake so. Na rufi.»

«Ai da ma ina jira ka zo, kafin ka fara kwana da lema. Ga takarda, cike min nan da nan, ka karanta sharuɗɗan baya ka sa hannu.»

Ya kalli takardar, ya lalubi aljihun ƙirji, ya lalubi na wando. «Kash, na baro tabarau a mota.»

«Wannan kuma ba hujja ba ce a nan,» ta ce tana dariya, ta turo gwangwanin. «Gwada wannan mai baƙin ƙarfe. Bai yi ba? To ga na marigayi mai kantin nama, shi har kuɗin aljihun mutum yana gani da shi.»

Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya. Malachy ya sa tabarau, ya sunkuyar da kai a kan takardar, ya daɗe a haka, kunnuwansa sun yi ja. Can ya cire, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai duba ta a gida cikin natsuwa. Nuala ta ce kada ya daɗe, ta kira na bayansa.

Bai dawo ba. Aka yi haihuwar tumaki, aka yi sausayarsu, rufi na nan da shuɗin tamfol an danne shi da tsofaffin tayoyi. In ta tare shi a bakin shinge ta ce ina takarda, sai ya ce ana dubawa, ya ƙara wa injin aski wuta. Abin ya ba ta haushi ƙwarai. A ganinta girman kai ne irin na tsofaffin maza da ba sa son a ce sun ci bashi. Sannan labari ya fara yawo cewa 'yarsa Dervla, da ke aikin jinya a birnin Leeds na Ingila, ta ce ba za ta bar ubanta ya sake hunturu a gida mai yoyo ba. In ta zo Kirsimeti ta tarar da tamfol, za a sayar da tumaki da fili ta tafi da shi. Nuala ta san Malachy. Mutumin da ko garin Sligo in ya je yake dawowa da ciwon kai, a kai shi bene na huɗu a Ingila, ai an gama da shi ke nan.

Ana cikin haka manaja Fintan ya ce duk ma'aikata za su je bita ta kwana ɗaya a wani otal a Sligo, kan yadda ake yi wa membobi bayani. Fintan ya haura arba'in har furfura ta fara fito masa, amma a wajen Nuala har yanzu ɗan wata 'yar garinsu Kathleen ne da ta sha goge wa majina.

«Wace bita kuma? An koya min kwamfuta, na yarda ta yi rana. An koya min kashe gobara, har yau ko ashana ba ta kama ba. Yanzu magana za a koya min? Ni?»

«Anti Nuala, ba wanda ya ce ba ki iya magana ba. Wannan kam duk gari shaida ne.»

«Ka kiyaye ni, ɗan nan.»

«Akwai abincin rana, har da kifi.»

Ta tafi dai, ta zauna a kujerar baya da jakarta a cinya, ta shirya yin gyangyaɗi. Mai koyarwar wata ce Emer, siririya mai sanyin murya. Ta yi ɗan bayani a kan dogayen kalmomin da ke cikin takardun rance, sannan ta ce ta zo da baƙo. Wani dattijo mai tumbi ya miƙe, ya ce sunansa Colman, tsohon direban babbar mota ne, kuma sai da ya wuce hamsin ya koyi karatu. A ƙasar da kowa ya zauna a aji, mutum ya fi sauƙin cewa ya taɓa zaman kurkuku da ya ce bai iya karatu ba.

«Na yi makaranta kamar ku,» in ji shi. «A bayan aji aka ajiye ni, ni ke ɗebo gawayi ina share fili. Na fita da sunana kawai, shi ma zana shi nake. Na kai kaya har Italiya, da launin allon hanya da tambaya. 'Ya'yana ba su sani ba. Matata kaɗai. In aka miƙo min takarda, ko in ce hannuna ya yi datti, ko in ce sauri nake, amma babban makamina shi ne na manta tabarau. Wallahi idona garau, ina hango zomo daga wancan tudun.»

Aka yi 'yar dariya, har da Nuala.

«To akwai wata baiwar Allah a wani ofis a garinmu, mai kirki ce ta gaske. Da na ce na manta, sai ta cire nata ta miƙo min. A gaban mutane. Sai in sa, in tsaya ina kallon takarda, gumi na bin bayana, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ban taɓa jin haushinta ba. Na dai daina zuwa ofishin.»

Abokan aikin Nuala ba wanda ya waiwayo, kuma wannan rashin waiwayen ya fi komai yi mata ciwo. Fuskoki suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ce za su duba a gida, waɗanda kullum sai da mata ko 'ya suke zuwa. Sannan jajayen kunnuwan Malachy. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya, kifin ma kasa cin sa ta yi.

Lokacin shan shayi ta ja Colman gefe. «Malam, ina da maƙwabci. Ina jin na yi masa abin da matar nan ta yi maka. Daga nan gidansa zan wuce in ba shi haƙuri, in cike masa takardar da kaina.»

Colman ya ajiye kofi. «Kul! Kika je kika nuna masa kin gane, ba zai ƙara haɗa ido da ke ba har ya mutu. Ya shekara nawa yana ɓoyewa?»

«To in zuba ido a kwashe shi a kai Leeds?»

«Ki bar shi ya zo da ƙafarsa. Ke dai ki san yadda za ki yi in ya zo babu abin da zai ɓoye.»

Da yamma Emer ta sa su gwaji. Ta ce ba a tambayar mutum ko ya iya karatu, ba a kuma yi masa kallon tausayi. Ma'aikaci ya riƙe takardar da kansa, ya karanta a bayyane kamar haka aikin yake, ya fasa manyan kalmomi, ya tsaya ya ba mutum damar tambaya, ya riƙe biro ya rubuta amsa, a ƙarshe ya nuna inda za a sa hannu. Aka haɗa Nuala da Colman. Ta ɗauki takarda ta zuba kamar mai gwanjo a kasuwar tumaki.

«Tsaya, tsaya, Hajjaju!» in ji Colman. «An sayar? Wa ya saya?»

Ɗaki ya ɗauki dariya. Emer ta sa ta maimaita, ta sake sa ta, har sai da ta koyi numfasawa a ƙarshen kowane layi. Nuala da ta zo gyangyaɗi, ita ce ta ƙarshen fita, tana ta yi wa Emer tambayoyi har mai shara ya shigo.

Washegari gwangwanin ya koma cikin kabad. Ta shiga ofishin Fintan ba ƙwanƙwasawa. Ta ce daga yau duk mai neman rance za ta kai shi ƙaramin ɗaki ta karanta masa takarda daga farko har ƙarshe. Kowa da kowa, ko likita ne.

«Kowa? Anti, layi zai kai bakin coci.»

«In na zaɓi wasu na bar wasu, ai na yi musu tambari ke nan. Kai ka tura ni bitar, sai ka sha.»

Fintan ya sosa ƙeya ya yarda, ya ma sa sauran ma'aikatan su bi sahu. Gari kuwa ya ɗauka. Aka sa wa abin suna huɗubar Nuala. Wanda ya fi kowa kumfar baki shi ne Masta Devaney, tsohon hedimasta, da ya zo neman rancen canja mota.

«Nuala Tansey, ni za ki karanta wa? Ni da na koya wa 'ya'yanki baƙi da wasali?»

«Doka ce, Masta. Zauna.»

«Dokar wa?»

«An koyo mana a Sligo. Sharaɗi na ɗaya...»

Ta karanta masa tsaf, har da ƙara jan murya. Ta san abin da take yi. Masta ya fita yana huci, ya ba da labarin a mashaya, ya bayar a bakin coci bayan ibada, ya bayar a kasuwar tumaki, cewa yanzu a Yuniyan ba a barin mutum ya taɓa takarda, sai dai a zaunar da shi kamar ɗan aji ɗaya. Ko kuɗi ta biya mai shela ba zai yi mata aikin da Masta ya yi ba.

Wasu abubuwa kuma suka biyo baya da ba ta zata ba. Mutanen da sukan sa hannu ido rufe suka fara tambaya, me zai faru in na yi rashin lafiya, zan iya biya da wuri? Takardun da ake dawo da su saboda kuskure suka ragu. Ma'aikatan mayanka 'yan Brazil, da a da sai dai su leƙo su koma, suka fara zama. Wata tsohuwa da kullum sai da 'yarta take zuwa ta zo ita kaɗai, ta fita tana murmushi. Fintan ya daina maganar layi.

Amma Malachy shiru. Kaka ta shigo, ruwa ya dawo, iska na kaɗa tamfol har Nuala na ji daga kicin ɗinta. Sau da yawa takan ga shi a bakin shinge, maganar ta zo mata har leɓe, ta haɗiye ta tambaye shi lafiyar kare. A duk rayuwarta ba ta taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan kama bakin ba. Tsoro take kada ta yi shirun banza, Kirsimeti ta zo a tafi da mutum tana kallo.

Wata ranar kasuwa, gab da tashi, ta ɗaga kai ta gan shi a layi da takalmin roba, yana warin tumaki. Ta ci gaba da buga kwamfuta kamar ba ta gan shi ba har layi ya zo kansa.

«An ce kin zama Fada,» ya ce. «Har Masta kin yi wa huɗuba.»

«Kai ma ba za ka tsira ba. Maganar rufin ce? Wuce ciki, kuma kada ka taɓa min takarda da wannan hannun.»

Ta rufe ƙofar ƙaramin ɗakin, ta zauna, ta fara. Tana tambaya yana amsawa tana rubutawa. Da ta zo sharuɗɗa, sai ga Malachy ya gyara zama. Ya tsayar da ita a kan kuɗin ruwa, ya tambayi ko zai iya biya da yawa bayan an sayar da 'yan raguna ya rage a watannin hunturu. Ta ce ana yi. Ya ce in ya mutu fa, Dervla za a bi? Ta ce a'a, akwai inshora, ta karanta masa wurin. Daɗi ya kama ta, ba ta san lokacin da ta fara gudu ba.

Ya ɗaga hannu. Yana kallon teburi ya ce, «Bernie ma haka take min. Sai dai ita ba ta sauri.»

Nuala ba ta ɗago ba, don ta san in ta ɗago idonta zai tona ta. «To, ai ba kowa ne Bernie ba,» ta ce. «Bari in koma baya.» Ta koma farkon layin a hankali. Da suka gama ta ɗora yatsa a inda zai sa hannu, ya kama biro ya zana sunansa, harafi bayan harafi, ita kuwa ta juya tana neman wani abu a aljihun teburi da ba ta ajiye ba.

Da ya fito ya dubi sauran mutanen layi ya ɗaga murya. «Ni dai an gama da ni. Ku nemi kujera, matar nan ba ta da ranar gamawa.»

Masu rufi suka zo kafin sanyi ya kankama. Dervla ta zo Kirsimeti, ta zagaya gida tana kallon sama, ta ci abincinta ta koma Leeds ita kaɗai. Nuala ta gasa burodi ta kai wa Fintan ofis, ya ce na mene ne, ta ce ya ci ya rufe mata baki. Ta nemi lambar Emer ta kira ta, ta ce a gaya wa Colman wata tsohuwa mai gwanjo tana gaishe shi, kuma ba za ta manta da shi ba. Har yau in an ce za a je bita, ita ke riga kowa shiga mota, ta kuma zauna a gaba. Takan ce ta shekara da shekaru tana yi wa mutane kirki da iya saninta, sai da aka zaunar da ita yini guda ta san inda kirkin yake taka su, kuma ta gode wa Allah da bai bar ta ta yi ritaya a haka ba.

Bayan sabuwar shekara, wata Asabar da hantsi, tana feraye dankali aka buga ƙofar baya. Malachy ne, da ambulan mai ruwan ƙasa daga ma'aikatar gona. Ya goge ƙafa, ya shigo, ya ajiye shi a kan teburi kusa da ɓawon dankali. Ya tsaya yana kallon taga.

«Karanta min wannan, Nuala,» ya ce. «Ni ban iya ba.»

Ta goge hannu a jikin zani, ta ja masa kujera.

«Zauna,» ta ce. «Bari in ɗora ruwan shayi tukuna.»